Tsofaffin Gilasan Kyamara: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Wani matashi mai ɗaukar hoton biki daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ya aiko da tambaya cewa wani dattijo da ya rufe shagon hotonsa zai sayar masa da tsofaffin gilasan kyamara biyu irin waɗanda ake saitawa da hannu, ɗaya Canon FD, ɗaya Helios-44. Yana son sanin ko za su hau kyamararsa ta Canon mai madubi, har ya yi aikin biki da na Hawan Sallah da su.

Ƙanina, ka ɗauki Helios ɗin ka bar na Canon, duk da cewa sunansa ɗaya da kyamararka. A shekarar 1987 kamfanin Canon ya canja bakin da gilashi ke shiga daga FD zuwa EF, kuma tazarar da ke tsakanin bakin da inda hoto ke sauka milimita 42 ce a tsohon, 44 a sabon. Wannan ɗan bambanci ya isa ya hana gilashin kama abin da yake nesa, sai dai a sa adafta mai ƙarin gilashi a cikinta, wadda takan dusashe hoto. Shi kuwa Helios, wanda aka ƙera a Tarayyar Sobiyat bisa tsarin gilashin Biotar na kamfanin Carl Zeiss, bakinsa irin wanda ake murɗawa ne, mai suna M42, tazararsa kuma ta ɗan haura milimita 45, saboda haka zoben ƙarfe mai araha ya ishe ka. Da kyamara marar madubi gare ka, irin ta Sony mai tazarar milimita 18, da duka biyun sun hau.

Amma kada girman dattijon ya hana ka dubawa, domin ba rashin kunya ba ne. Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki. Ƙananan ɗigon ƙura ba sa ɓata hoto, amma idan ka ga farin zane mai rassa kamar saƙar gizo, to fumfuna ce, kuma idan ta daɗe takan ci fuskar gilashin har gogewa ta kasa fitar da tabon. Ka duba siraran ganyayyakin ƙarfen da ke buɗe ƙofar haske su rufe ta: a bushe ake son su, domin zafin ƙasarmu yakan narkar da man da ke cikin zoben saiti ya gangaro kansu, su riƙa maƙalewa. Sannan ka murza zoben daga farko har ƙarshe ka ji ko yana cijewa.

Helios ɗin mai milimita 58 ne, kuma idan kyamararka mai ƙaramar sensa ce (wato farantin da hoto ke sauka a kai) zai matso da abu kamar mai milimita 93, wanda ya dace ƙwarai da hoton amarya tana zaune, abin da ke bayanta a hoton ya narke yana juyawa. Ranar hawa kuwa, hannunka ba zai cim ma doki mai sukuwa a Ƙofar Soro ba. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, ka saita a kan wurin da dawaki za su ratsa, ka jira su iso. Ka fara gwaji a gida kafin ka karɓi kuɗin mutane.

Wata baiwar Allah daga Daura ta ce ta sami gilashin kyamara Super-Takumar 50mm f/1.4 a kayan mahaifinta marigayi, amma gilashin ya koma rawaya, tana tambaya ko ya lalace ke nan.

Malama, Allah ya jiƙan mahaifinki. Gilashin bai lalace ba. Kamfanin Asahi Optical na Japan, mai ƙera kyamarorin Pentax, ya sa sinadarin toriyam, mai fitar da tiririn nukiliya, a yawancin wannan samfuri, kuma shi ne yake rina shi a hankali. Ɗan tiririn da yake fitarwa kaɗan ne, illa dai kada a fasa shi ko a kankare shi. Hasken rana yakan rage rawayar cikin makonni, amma ki ajiye shi a hantsi kawai, ki ɗauke kafin rana ta take. Da damina ki fitar da shi daga jakar fata ki sa a mazubi mai murfi tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, da hunturu kuma ki fara busa ƙurar da famfon roba kafin ki goge, domin yashin da ke cikinta yana karce gilashi.