Idan Inji Ya Mutu A Sama

Tambaya: Malam, ƙananan jirage na da, irin Moth na 1925, yaya matuƙi yake sauka idan inji ya mutu? Mai karatu daga Agege, Legas.

Amsa: Ruwa cikin fetur ko toshewar kafireto na iya kashe inji. Matuƙi zai sunkuyar da hancin jirgin nan take, don idan gudu ya ragu fukafukai sukan daina ɗaukarsa. Sai ya zaɓi fili shimfiɗaɗɗe, ya duba inda hayaƙin da ke tashi daga ƙasa ke karkata don gane inda iska ke kaɗawa, ya fuskanci iska, ya rufe fetur, ya kashe wutar inji saboda gobara. Babban haɗari shi ne ƙoƙarin juyawa zuwa filin jirgi idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi. Gara ya sauka gabansa, ko gona ce.