Auren zumunci da lafiyar yara: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin da suka shigo min wannan karon kusan duk kan auren dangi ne, sai na zaɓi guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Likita barka da aiki. An sa min rana da ɗan baffana, babana da babansa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ina sonsa ba dole aka min ba. Amma ƙawayena sun dame ni wai duk masu irin wannan auren nakasassu suke haifa, har na kasa barci. Da gaske ne?

Amsa: 'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, maganar ƙawayenki akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma sun zuzuta ta fiye da kima. Ga yadda abin yake. Kowane ɗan adam yana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kusan dukkanmu akwai 'yan kaɗan da suke da matsala a jikinmu amma ba ma jin komai saboda ɗayar lafiyayya ce tana rufa wa mai matsalar asiri. Ciwo yana fitowa ne idan yaro ya gaji mai matsalar iri ɗaya daga uwa da uba a lokaci guda. Toh ke da ɗan baffanki kakanninku ɗaya, don haka kusan kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonku daga tushe ɗaya suka fito, shi ya sa yiwuwar ku haɗu a kan ɓoyayyiyar matsala guda ta fi ta waɗanda ba su haɗa komai ba.

Amma nawa ne ƙarin? A garin Biradfod na Ingila an bi jarirai sama da 11,000, aka fitar da sakamakon a 2013, abin da aka gani shi ne a auren bare wajen jarirai 3 cikin 100 ake haifa da wata tawaya ta halitta, a auren 'ya'yan wa da ƙani irin naku kuma ya kai wajen 6 cikin 100. Ya ninka kam, ba zan ɓoye miki ba, sai dai ki duba ɗaya gefen, 94 cikin 100 lafiya lau suka zo. Ni abin da ya fi damuna ba dangantakar taku ba ce, tarihin gidanku ne. Ki zauna da manya ki tambaya, akwai yaran da aka haifa kurame ko masu matsalar ƙwaƙwalwa? Akwai mace mai wabi a dangi? Iyayenki su ma 'yan uwan juna ne, kakanni ma haka? Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai don idan aka daɗe ana yin auren gida bai ƙoshi ba daga kaka zuwa jika haɗarin taruwa yake yi. Gidan sarautar Habsburg a Sifen sun shafe kusan shekara 200 suna auren junansu, sarkinsu na ƙarshe Carlos na 2, wanda uwarsa 'yar ƙanwar ubansa ce, ya rayu cikin jinya ya rasu a 1700 yana da shekara 38 bai bar ɗa ba. Ku je ku yi gwajin jinotayif ku biyun kafin ranar, kuma ki fara shan ƙwayar bitamin ɗin nan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga.

Tambaya: Salam likita, shekararmu 3 da aure da 'yar gwaggona ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mahaifiyata ta ce jininmu ne bai haɗu ba saboda zumunci, wai in ƙara aure. Me za ka ce?

Amsa: Malam, da girmamawa ga Hajiya, babu wani abu a likitance da ake kira jini bai haɗu ba da ke hana ciki shiga tsakanin 'yan uwa. Hasali ma a ƙasar Aislan an duba tarihin aurarraki na sama da shekara 150, aka buga a 2008, sai aka ga ma'auratan da suka haɗa dangi ba su gaza bare yawan haihuwa ba, har sun fi su. Abin da zumunci na kusa ke taɓawa shi ne lafiyar yaron bayan an samu cikin, ba samun cikin ba.

Shekara 3 kuma kun jinkirta, ƙa'ida idan an yi wata 12 ana tare ba tsarin iyali ba ciki sai a je asibiti, in matar ta haura 35 ma wata 6 ya isa. Kuma don Allah ku je tare, kai ne ma ya kamata a fara da kai domin gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi, kuma kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki. Abin yana min ciwo yadda ake barin mace tana yawon neman magani shekara da shekaru tana shan gori alhali mijin ko sau ɗaya ba a duba shi ba. Ita kuma za a duba ko tana fitar da ƙwai, da hanyoyin mahaifa ko sun toshe.

Tambaya: Ni da mijina duk O ne rukunin jininmu, wai don mu 'yan uwa ne, hakan zai cutar da yara?

Amsa: A'a, ba komai. Abin lura kawai idan rukunin jininki nagetif ne (O-) nasa kuma fozitif (O+), wannan akwai allurar anti-D mai hana jikinki yaƙar jinin jariri da ake yi lokacin ciki da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa, kuma bai da alaƙa da zumunci.

Tambaya: Likita ina cikin damuwa. Ni da maigidana 'ya'yan ya da ƙanwa ne, mun yi gwaji duk AA muke, amma yaranmu biyu cikin uku ba sa ji ba sa magana. Dangin miji sun ce daga wajena ne. Ina tsoron sake haihuwa.

Amsa: Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa, ya raya miki su. Da farko ki cire wannan nauyin daga zuciyarki, idan irin kurumtar gado ce da ake gani a auren zumunci, sai uwa da uba duk sun ba da ƙwayar kafin ta fito, rabi naki rabi nasa, kuma ba wanda ya zaɓa. AA ɗin da kuka gani sikila kaɗai yake magana a kai, bai ce komai kan sauran cututtukan gado ba, kuma suna da yawa, mutane da dama suna ɗauka da zarar AA ya fito shikenan an tsira daga komai.

In har ta tabbata ta gadon ce, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da ita, 75 cikin 100 yaron zai ji lafiya. Kuma ba layi ake bi ba, kowane ciki lissafinsa daban, kamar dai yadda yake ga AS da AS a sikila. Amma kafin a ɗora wa gado sai likitan kunne ya duba su, don sanƙarau, shawara mai tsanani a jarirai, da wasu allurai duk suna kashe ji. Ki nemi a tura ku wajen likitan yara ko masu ba da shawara kan cututtukan gado, ki tafi da bayanin duk wani kurma a danginku. Yaran nan kuma kar a zauna jira, na'urar ƙara ji, koyon maganar hannu da sa su makaranta da wuri suna canza rayuwarsu matuƙa. In Allah ya kawo wani jaririn a gwada jinsa tun cikin watan farko.