Kiriyatinin kaɗai bai isa a ce ƙodar mage lafiya lau take ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce magenki ta kai shekara 12, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yi yawa, tana ta ramewa, amma gwajin jini ya nuna kiriyatinin 1.5 aka ce miki ba komai. Ni kam hankalina bai kwanta ba.

Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ke tace shi. Ba ya hawa a jini sai ƙoda ta rasa kusan kashi 75 cikin 100 na aikinta. Ga shi kuma magen da ta rame ba ta da tsokar kirki, sai lambar ta fito ƙasa alhali ciwo na cinta. A ma'aunin IRIS, ƙungiyar likitocin dabbobi masana ciwon ƙoda, mataki na biyu na ciwon ƙodar mage daga 1.6 yake farawa, na uku daga 2.9, na huɗu sama da 5.0. Kin ga taki tana bakin gaɓa.

Haka aka yi da tsohuwar magena. Jini ya fito lafiya, fitsari ne ya tona asiri. Na wanke tiren da take bayan gida, na bar shi ba yashi, da asuba na zuƙe fitsarin da sabon sirinji na kai wa likitan dabbobi. Fari fat kamar ruwan famfo, ko zarni babu. Ya ɗiga shi a na'urar auna kauri, ya fito ƙasa da 1.035, wato ƙodar ta fara kasa riƙe ruwa. Ki nemi a yi miki wannan, a duba har da furotin da sukari a ciki, don ciwon sukari ma yana kawo irin waɗannan alamun.

Ki tambayi likita gwajin SDMA, wani sinadari a jini da shi ma ke nuna aikin ƙoda. Shi yakan hau tun ƙoda ta rasa wajen kashi 40, kuma ramewa ba ta rikita shi sosai. A auna mata hawan jini, don idan ya daɗe sama da 160 yana iya makantar da ita.

Ki maimaita gwajin jinin bayan mako biyu, a ranar da ta sha ruwa sosai, saboda ƙishirwar lokacin zafi tana ɗaga lambar. Kafin nan ki ajiye mata ruwa a wurare da yawa, kuma don Allah kada ki ba ta farasitamol ko ibufurofen, guba ne ga mage. Allah ya ba ta lafiya.