Wane ne Lev, kuma me ya sa yara suke tsokana da sunansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan gem a Gwale, yawanci bal yara suke bugawa. Kwanan baya na saka wasan The Last of Us Part II a injin PS4 ɗaya. A ciki akwai wani Lev, an ce mace ce ta koma namiji. Yanzu yara sun laƙaba wa wani yaro mai sanyin murya wannan suna, har ya ɗauke ƙafa. Shin ɗan daudu ne Lev ɗin? Me ya sa kamfanoni suke saka irin wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A'a, ba ɗan daudu ba ne. Ɗan daudu namiji ne mai kwaikwayon magana da ɗabi'un mata, an kuma daɗe da saninsa a ƙasar Hausa, musamman wajen sana'ar abinci. Mata-maza kuma batu ne na halittar jiki. Lev yana cikin waɗanda jaridu ke kira masu sauya jinsi, wato mutumin da aka haifa a wani jinsi amma a ransa yake jin shi ɗaya jinsin ne. Ba lallai sai an yi tiyata ba, kuma maganar ba ta wanda mutum yake sha'awa ba ce.

A wasan, wanda kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2020, an haifi Lev mace a cikin wata ƙungiya mai tsanani. Da aka shirya aurar da shi ga wani dattijonsu, sai ya aske kansa ƙwal irin na mazan ƙungiyar, suka bi shi za su kashe, ya gudu tare da yayarsa Yara. Ka ga, labarin yaro ne da ake farauta. Su kuwa naka yaran sun tsallake duk wannan, sun ɗauki suna kawai sun yi makami da shi.

Saka irin wannan a wasannin gem ba sabon abu ba ne. Tun 1988 littafin bayanin Super Mario Bros. 2 ya ce Birdo, wata halitta a wasan, namiji ne mai ɗaukar kansa mace, amma da sigar barkwanci. Daga baya masu wannan hali a Amurka da Turai suka ce sun gaji da zama abin dariya, wasunsu ma ma'aikata ne a kamfanonin. Shi ma wasan Lev bai tsira ba: sun yi suka a kansa saboda an bar maƙiyan Lev suna kiransa da tsohon sunansa na mata, abin da suke ɗauka cin fuska. Wani wasan kuma, Tell Me Why, da shi ma ya fito a 2020, da gangan bai ambaci tsohon sunan jaruminsa Tyler ko sau ɗaya ba. Akwai lissafin kasuwa a ciki ma, kada a ruɗe ka, kamfani ba ya aikin Allah-da-Annabi.

Hukuncin addini na malamai ne, kuma matsayinsu a Kano ba ɓoyayye ba ne. Amma hanin jifan juna da munanan laƙabi yana nan a Suratul Hujurat, aya ta 11. Yaron nan bai ce shi wani abu ba ne. Murya ce Allah Ya ba shi. A garin nan irin wannan suna yana iya bin mutum har makaranta, har wajen neman aure.

Abin da ya fi damuna ma, ka duba bayan kwalin faifan. Akwai tambarin PEGI 18, ko harafin M idan na Amurka ne, alamar cewa wasan na manya ne, saboda yankan wuya da azabtarwa da ke ciki. Ɗan shekara 12 ba shi da abin yi da shi, da Lev ko babu. Ka cire shi daga injin da yara ke hawa. Wanda ya sake kiran sunan, ka karɓe fad ɗin hannunsa, wato abin buga gem ɗin, a gaban kowa, ko da kuɗinsa bai ƙare ba. Shi kuma wancan yaron da ya ɗauke ƙafa, ka aika a kira maka shi, ka ba shi wasa biyu kyauta ranar Asabar.