Kun Tambaya, Mun Amsa: Yada Zango Kyauta a Gandun Dajin Duwatsun Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a jihar Kolorado. Abokan karatuna sun ce idan hutun bazara ya zo za mu hau duwatsu mu kafa tanti a dajin gwamnati na kwana uku, ba mu biya ko sisi ba, ba mu kuma nemi izinin kowa ba. Ni kuwa a sanina a ƙasar nan ko mota mutum ya ajiye sai ya biya. Shin maganarsu gaskiya ce, ko za su ja mini rigima da hukuma alhali da bizar karatu nake zaune?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka ba su yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin suka ba ka. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da filaye masu ɗimbin yawa a madadin jama'a, kuma hukumomi daban-daban ke kula da su, kowacce da nata tsarin. Wadda ta shafi tambayarka ita ce Hukumar Gandun Daji, wadda aka kafa a 1905 a zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. A hannunta akwai gandun daji 154 da filayen ciyawa 20, faɗinsu ya kai kimanin eka miliyan 193, kuma mafi yawansu suna yammacin ƙasar, a kan jerin duwatsun Roki da Siyara Nebada da makamantansu. A mafi yawan wannan fili doka ta yarda kowa ya yada zango a wajen sansanonin da hukuma ta gina, ba kuɗi, ba rajista, ba a kuma tambayar ko mutum ɗan ƙasa ne ko baƙo. Sunan da suke kiran wannan tsari da shi yana nufin zangon warwatse, domin kowa gefensa yake kamawa. Haka abin yake a filayen BLM, wata hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya mai riƙe da kimanin eka miliyan 245, kodayake nata filayen sun fi yawa a ƙeƙasassun wurare masu ƙarancin itatuwa.

Inda baƙi suka fi faɗawa kuskure shi ne ɗaukar gandun daji da wurin shaƙatawa na ƙasa a matsayin abu ɗaya. Wurare irin su Yelosuton da Yosemiti wata hukuma ce dabam ke riƙe da su, wadda aka kafa a 1916, kuma a can laifi ne a kwana a inda ba a keɓe ba, ko da a cikin mota ne. Sau da yawa kuwa gandun daji ne ke kewaye da irin waɗannan wurare, har mutum yana iya tsallake iyaka bai ankara ba. Haka nan a tsakiyar gandun dajin kansa akan sami gonaki da filayen mutane, kuma Ba'amurken karkara ba ya ɗaukar kutse a filinsa da wasa.

Sauran rabin labarin shi ne abin da aka ɗauke tare da kuɗin. Wanda ya biya dala ashirin ko talatin a sansanin hukuma, yakan tarar da makewayi da teburi da murhun ƙarfe, sau da yawa har da famfo da wurin zuba shara da wanda zai kai wa kuka. A zangon warwatse babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma duk aikin da wancan kuɗin yake biya, kai ne za ka yi shi da hannunka. Ruwan da za ku sha ku za ku zo da shi ko ku tsaftace na ƙorama, sharar da kuka tara ku za ku koma da ita gari, idan kuma taya ta fashe a kan hanyar burji mai nisan mil goma sha biyar daga kwalta, a inda wayar hannu ba ta da sabis, da safaya da jak da dabarar da kuka taho da ita za ku fita.

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma ana hukunta wanda ya karya su. A yawancin gandun daji kwana 14 ne iyakar zama a wuri ɗaya, wasu kuma 16. Mota ba ta bin kowace hanya da ido ya gani, domin tun bayan dokar 2005 kowane gandu yana fitar da taswira ta musamman da ake kira MVUM, wadda ke nuna hanyoyin da aka buɗe wa ababen hawa, da watannin da suke buɗe, da gefen da aka yarda a ratse a yi zango. Kyauta ake bayar da ita a ofishin gunduma, ana kuma samunta a intanet, sai ka saukar da ita a wayarka tun kana gari. Ku nemi wurin da wasu suka riga suka kwana, wanda za ku gane da ƙasar da ta daddale da duwatsun murhu, maimakon ku tattake sabon wuri, kuma ku nisanci bakin ruwa da kimanin ƙafa 200, wato taku saba'in na babban mutum. Ku sani kuma cewa a wuraren da jama'a suka yi wa yawa, kamar kwarurukan da ke kewaye da garin Kirested Biyut a nan Kolorado, hukuma ta taƙaita zango ga wuraren da ta kafa wa alama kaɗai, saboda ɓarnar da aka yi wa ciyayi da ruwa. Tarar karya dokar gandun daji tana iya kaiwa dala 5,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kuma wanda ke zaune da biza ya fi kowa buƙatar guje wa takardar kotun tarayya. Shawarata ita ce ka buga wa ofishin gundumar da za ku je waya kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, domin malaman daji sun fi kowace taswira sanin hanyar da ruwa ya cinye da wadda aka rufe jiya.

Tambaya: Malam, an ce mini wani lokaci ana hana kunna wuta a daji gaba ɗaya. To yaya mutum zai yi girki, kuma yaya zai yi da sanyin dare?

Amsa: Gaskiya ne, kuma a ganina babu abin da ya kai wuta muhimmanci a wannan babi. Mafi yawan gobarar daji a Amurka hannun ɗan'adam ne sanadinta, kuma dajin yamma itatuwa ne masu ƙaro da busassun ganyaye masu kama da allura, waɗanda tartsatsi ɗaya ya ishe su idan iska ta taso. Gobarar Heman ta watan Yunin 2002 a cikin da'irar murhun zango ta tashi, a lokacin da aka riga aka hana kunna wuta, ta cinye fiye da eka 137,000 da gidaje sama da 130 a kudu maso yammacin birnin Denba.

Hanin matakai ne. A mataki na farko ana barin wuta a murhun ƙarfe na sansanonin hukuma kaɗai, wanda ke nufin mai zangon warwatse ba shi da damar hura itace ko gawayi. A mataki na biyu ana hana ta har a sansanonin. Idan fari ya tsananta kuwa, ana iya rufe dajin ɗungurungum. A matakai biyun farko yawanci ana barin ƙaramin risho mai gas wanda ake iya kashewa da murɗa kai, don haka shi ne abin dogaro wajen girki, ko an hana wuta ko ba a hana ba. A Kalifoniya ko wannan rishon sai da takardar izini, wadda ake samu kyauta a intanet.

Idan babu hani, a yi amfani da murhun da aka tarar, a tsinci busasshen icen da ya riga ya faɗi, kada a sari ɗanye. Kada kuma a ɗauko itace daga nesa, domin a cikinsa ƙwarin da ke kashe bishiyoyi suke yin ƙaura daga jiha zuwa jiha. Wajen kashewa, rufe garwashi da ƙasa ba ya wadatarwa, saboda yana iya kwana biyu yana ci a ƙarƙashi. A kwarara ruwa, a juya da shebur, a sake kwararawa, har sai an kai bayan hannu kusa da tokar an ji ta yi sanyi. Game da sanyin dare, maganinsa bargon barci mai kauri da shimfiɗa mai raba jiki da ƙasa da hula, ba wuta ba. Kada a kuskura a shigar da risho ko gawayi cikin tanti a rufe, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma a cikin barci take kashe mutum.

Tambaya: Malam, maigidana yana son mu je da yara biyu. Ni kuwa tsoron namun daji nake yi, musamman beyar. Me za ka ce?

Amsa: Malama, tsoronki yana da dalili, amma beyar, wato babbar dabbar dajin nan mai yawan gashi da faratai, ba ita ce ta farko a jerin abubuwan da zan so ki yi wa tanadi ba. Iri biyu ne a duwatsun ƙasar. Baƙar beyar ta bazu gabas da yamma, kuma galibi gudun mutum take yi. Babbar, wadda ake kira girizili, a jihohin da ke kudu da Kanada ta fi yawa a Montana da Wayomin da Aidaho, kuma masu zuwa can suna riƙe gwangwanin feshi mai yaji da aka yi domin korarta. Dukansu ƙamshi ne ke kawo su zango. Don haka abinci da tukwane da shara, har man goge baki da sabulu da turare, ba sa kwana a tanti. A kulle su a mota da gilasai a rufe idan dokar wurin ta yarda, ko a saka a gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, ko a rataye a reshe aƙalla ƙafa goma daga ƙasa da ƙafa huɗu daga jikin bishiyar. A binciki aljihun yara kafin su kwanta, don nan alewa take ɓuya.

Abin da ya fi kama sababbin zuwa shi ne tsayin wurin da yanayinsa. Daga kimanin mita 2,500 zuwa sama iska tana yin ƙaranci, sai mutum ya ji ciwon kai da tashin zuciya da kasala da rashin barci, yaro ƙarami kuwa ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba sai rigima da ƙin abinci. Idan alamun suka ƙaru maimakon su ragu, sauka ƙasa ne magani, ba jira ba. Zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a duk hawan mita dubu, shi ya sa a tsakiyar Yuli ake iya wayar gari da raɓa ta daskare a kan tanti. A watannin Yuli da Agusta kuma hadari yakan haɗu da rana tsaka a duwatsun Roki, da tsawa da aradu, don haka masu hawa suke sammako su sauko daga tsirarun ƙololuwa kafin azahar. Kafin a kafa tanti a ɗaga kai a duba, domin ƙwaro ya kashe miliyoyin bishiyoyi a yankin, suna nan tsaye a bushe suna jiran iska. Kada kuma a kwana a cikin busasshen kwari, saboda ruwan da aka yi a can sama yana iya gangarowa cikin dare. Tunda da yara za ku je, ku fara da kwana ɗaya a wurin da bai yi nisa da kwalta ba, ku kuma bar wa wani a gari sunan hanyar da kuka bi da ranar dawowarku.

Tambaya: A gafarce ni, Malam, amma idan babu makewayi, yaya ake yi? Kuma ruwan ƙoramar dutse da yake garai-garai, ba a iya sha haka nan?

Amsa: Babu kunya a neman sani. Ana yin nisan taku saba'in daga ruwa da hanya da zango, a haƙa rami mai zurfin inci shida zuwa takwas, a binne idan an gama. Takardar goge jiki a jakar leda ake komawa da ita, wanda ya saba tsarki da ruwa kuwa ya huta da wannan ɗawainiya, muddin a bakin ramin ya yi, ba a bakin rafi ba. A wasu wuraren masu tsayi ko cunkoso, ƙasar ba ta iya narkar da komai, sai hukuma ta wajabta jaka ta musamman da ake fita da ita. Ruwan kuwa kada haskensa ya ruɗe ka, domin gandun daji wurin kiwo ne da farauta da saran katako, kuma sama da inda kake tsaye akwai shanu da namun daji da wasu masu zango. Ƙwayar cutar jiyadiya da ake samu a irin wannan ruwa tana sa zawo na makonni. A tace da matacin da aka yi domin haka, ko a tafasa na minti ɗaya, a wuri mai tsayin da ya haura mita 2,000 kuma minti uku.

Tambaya: Tunda kyauta ne, ba zan iya tarewa can da motata na wata uku in huta da kuɗin haya ba?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Dokar gandun daji ta haramta mayar da filin wurin zama, kuma malaman daji suna rubuta lambar mota da ranar da suka fara ganinta. Idan kwanakinka suka cika sai ka tashi ka yi nisan da wannan gandun ya ƙayyade, ba ka matsa zuwa bishiya ta gaba ba, a filayen BLM kuma abin da aka saba shi ne kwana 14 a cikin kowane 28. Ga shi kuma yawancin hanyoyin kan duwatsu dusar ƙanƙara tana toshe su tun daga Oktoba ko Nuwamba, wasu ba sa buɗewa sai Yuni.