Kwaɗon rake don darasin fiɗa: wanne za a saya, wanne za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, zangon nan za mu yi darasin fiɗa. Masu sayar da kayan lab sun turo min jerin abin da suke da shi, akwai kwaɗon rake da aka jiƙa a magani, akwai wanda aka daskarar a firiza, akwai kuma wanda suka ce an yi masa allurar launi. Wanne zan ɗauka? Kuma shi kwaɗon raken nan zai yi daidai da na cikin littafi kuwa?

Wa alaikumus salam Malam. Toh bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce tushe. Kwaɗon rake, wanda masana ke kira Rhinella marina, da can kuma Bufo marinus, asalinsa daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, kuma abin da ya sa ya cika ɗakunan gwaje-gwaje musamman a Ostareliya shi ne ya yi yawa ne har ya zama annoba. A 1935 aka kwaso guda ɗari da 'yan kai daga Hawai aka kai jihar Kwinsland don su cinye ƙwaron da ke ɓata rake, ƙwaron yana can saman kara kwaɗo yana ƙasa, aikin bai yiwu ba, shi kuwa ya samu wuri ya baje, mace ɗaya tana iya zuba ƙwai dubu 8 zuwa dubu 30 a zama ɗaya, yanzu ya mamaye arewacin ƙasar har ya shiga jihar Ostareliya ta Yamma. Kaga kenan dabba ce da ake kashewa ko ka saya ko ba ka saya ba. Wannan a wurina babban dalili ne, domin kusan kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗi a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ina jin ciwo in na ji an je an kwashe kwaɗin fadama na asalin wuri don darasin awa ɗaya alhali ga wanda dama neman hanyar rage shi ake.

Ga girma kuma. Babba yakan kai santimita 10 zuwa 15, mata sun fi maza girma, kuma a Janairun 2023 ma'aikatan gandun daji a Kwinsland sun tsinci wata mai nauyin kilo 2.7. Ba irin wannan za a kawo maka ba, amma ko na talakan ma yaro zai ga zuciya mai ɗakuna uku, da hanta mai ɓari uku da madaciya a maƙale a ƙarƙashinta, da huhu, da saifa, da ƙoda, da kitsen nan rawaya mai kamar yatsu, duk ba tare da ya matse ido ba. Tsarin ciki ɗaya ne da na littafinka, sai abubuwa biyu da ya kamata ka gaya wa ɗalibai tun kafin su ruɗe. Ba shi da haƙori ko ɗaya, alhali kwaɗon ruwan da ake zanawa a littafi yana da ƙananan haƙora a muƙamuƙin sama, don haka kar ka sa su nemo abin da babu. Sannan namijin yana da wani ɗan ƙulli a gaban kowane ɗan maraina, ana kiransa da sunan Bidder, wani masani da ya yi bayani a kansa, kamar ragowar gidan ƙwai ne na mace, kuma dangin kwaɗin tudu ne ke da shi. Ni kam in ni ne wannan zan mayar da shi abin jan hankalin darasin.

Yanzu batun saye. Idan karon farko ne yaran za su riƙe almakashi, ɗauki na cikin magani, wanda aka yi wa allurar launi biyu. Abin da ake yi shi ne a ɗura roba mai ruwa-ruwa a jijiyoyi ta daskare a ciki, ja a jijiyoyin da ke fita da jini daga zuciya, shuɗi a waɗanda ke dawo da shi, akwai ma mai launi uku da ake ƙara rawaya a jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta, amma wannan sai jami'a, a sakandare ɓarnar kuɗi ne. Wanda ba a yi wa allura ba ya fi araha kuma ya isa in dai gaɓoɓi kawai za ku duba, don haka in kuɗin makaranta bai kai ba, sayi marasa launi na ɗalibai, ka sayi masu launi biyu ko uku ka feɗe da kanka a gaban aji. Kwaɗo ɗaya ga yara biyu ko uku ya yi, in suka kai biyar a kan tire ɗaya mutum ɗaya ne ke aiki saura kallo. Ka kuma roƙi a haɗa maka maza da mata.

Na firiza ya fi kyaun gani, gaskiya, launin gaɓoɓi yana nan kamar na mai rai, nama da laushi, har huhu za ka iya hurawa da sirinji su ga ya kumbura, abin da na cikin magani ba zai taɓa yi maka ba don fomalin, maganin da ake jiƙa shi a ciki, yana ƙandarar da nama ya mayar da komai ruwan toka. Matsalarsa da zarar ya narke agogo ya fara bugawa, ranar za a gama a kwashe, ba a ajiyewa zuwa gobe, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela. In darasinka zai ɗauki kwana biyu ko uku, ko ba ka da tabbacin firizar za ta riƙe sanyi har ranar, kar ka fara.

Tambaya: Malam ni uwa ce kuma malama. Na ji an ce kwaɗon nan yana da dafi har yana kashe karnuka. Anya ba haɗari ba ne a ba yara shi su feɗe? Ko maganin da aka jiƙa shi yana kashe dafin?

Malama abin da kika ji gaskiya ne. A bayan idanunsa, kan kafaɗu, akwai manyan jakunkuna biyu masu fitar da wani farin ruwa mai kauri kamar madara, a cikinsa akwai sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, kuma shi ne ke kashe karnuka da macizai da manyan guza har da kadojin ruwan daɗi a Ostareliya idan sun haɗiye shi. Ƙwansa ma da dafi, talibambansa ma haka. Kuma kar ki ɗauka mutuwa ko magani sun wanke shi, busasshen mushen kwaɗon nan ma yana iya cutar da dabbar da ta tauna shi, don haka ki ɗauka dafin yana nan. Sai dai dafin ba tsalle yake ya kama mutum ba, sai ya shiga baki ko ido ko ciwo. Safar hannu, tabarau na lab, babu ci babu sha a ɗakin, kar a matsa jakunkunan nan ko a tsaga su, a wanke hannu da sabulu in an gama. Fiɗar ta ciki ake yi, kwaɗon yana rigingine, jakunkunan suna ƙasa, ba ruwan almakashi da su.

Amma 'yar uwa in gaya miki abin da ya fi damuna, ba dafin ba ne, fomalin ne. Kowa yana tsoron dafi don labarinsa na da ban tsoro, sai a manta da ruwan da ke cikin bokitin, wanda kowane yaro a ɗakin ke shaƙa ko ya taɓa kwaɗo ko bai taɓa ba. Sinadarin da ke cikinsa, fomaldihaid, hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa tun 2004, kuma tun kafin a je nan yana sa ido hawaye, yana ƙona hanci da maƙogwaro, yana tayar wa mai asma da ciwonsa. Shi ya sa kafin ki biya ki tambayi mai sayarwa a wane ruwa kwaɗon yake zaune yanzu. Masu aikin kirki sukan fara gyara shi da fomalin sannan su wanke su mayar da shi cikin wani ruwan mai sauƙi, shi za ki nema, duk da cewa ɗan saura ba ya rasuwa a nama. Ki nemi takardar bayanin sinadaran a rubuce, wanda ya ƙi ba ki ita ki bar masa kayansa. Ranar darasi a ɗauraye su sosai da ruwa kafin yara su shigo, a buɗe tagogi duka, mai juna biyu da mai asma a ba su zaɓin kallo daga nesa ko su yi darasin a kwamfuta, ruwan bokitin kuma ba a tuttular da shi a kwata, sharar sinadarai ne, ita ma gawar a ƙulle ta a leda biyu inda kare ko kyanwa ba za su kai ba.

Tambaya: Ina digiri na biyu, bincikena a kan kwaɗon rake ne kuma akwai ɓangaren DNA. Zan iya sayen waɗanda ake sayar wa makarantu in huta da kamawa?

A'a ɗan uwa, kuɗinka da lokacinka za su tafi a banza. Fomalin yana ɗaure furotin da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, yana kuma kakkarya DNA ɗin gutsi-gutsi, ana iya ciro wani abu da wahala da kayan aiki masu tsada, amma ba wanda ke zaɓar wannan hanyar in yana da wata. Ka duba yadda gidajen adana dabbobi ke yi: da an kashe dabbar sai a yanki ɗan hanta ko tsoka a jefa a itanol, wato barasar lab, mai ƙarfin kashi 95 ko a daskarar, sannan a gyara sauran jikin da fomalin mai kashi 10, a wanke, a mayar da shi itanol mai kashi 70 don ajiya ta shekaru. Samfur biyu kenan daga kwaɗo ɗaya, lamba ɗaya a jikinsu.

Matsala ta biyu ta ma fi ta farko, kwaɗon kasuwa ba shi da asali. Ba ka san inda aka kama shi ba, ba ka san yaushe ba, ba ka san kwana nawa ya yi a tsare kafin a kashe shi ba, to abin da ka samu a tumbinsa ma bai gaya maka komai game da abincinsa a daji ba. Ka tuna binciken da Rick Shine, masanin dabbobi a Ostareliya, da abokan aikinsa suka fitar a mujallar Nature a 2006, inda suka nuna kwaɗin da ke kan gaba wajen mamayar Ostareliya sun fi na baya tsawon ƙafa, kuma saurin bazuwar ya tashi daga kamar kilomita 10 a shekara zuwa sama da 50. Duk wannan ya tsaya ne a kan sanin inda aka kama kowane ɗaya da shekarar da aka kama shi. Awon jiki ma ka yi hattara, magani yana ɗan tsuke nama kuma launi yana koɗewa, don haka ba a gwama awon jiƙaƙƙe da na ɗanye a teburi ɗaya.

In kuma aikinka ya shafi yadda gaɓoɓi ke aiki ne, bugun zuciya ko saƙon jijiya zuwa tsokar ƙafa, wannan sai nama mai rai, na firiza ma ba zai yi ba. Da mafitsarar kwaɗon nan ɗanya Alexander Leaf, wani likita mai bincike a Amurka, ya yi gwaje-gwajensa a ƙarshen shekarun 1950 kan yadda gishirin sodiyam ke ratsa fatar cikin gaɓoɓi, aikin da ya taimaka wajen fahimtar ƙoda. Irin wannan sai da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na jami'arka, ka fara da su kafin ka taɓa ko ɗaya. Na makarantar kuwa ka sayi biyu ko uku ka koyi hannu a kansu, ka san inda hanta take da yadda ake buɗe huhu, don kar ka ɓata samfurinka na gaske ranar farko.

Tambaya: Inda nake zaune kwaɗin nan sun cika ko'ina. Me zai hana in kama da kaina in adana?

Za ka iya, amma ka tabbatar shi ne, don ƙananansa suna kama da wasu kwaɗin asalin wuri kuma ana yawan kashe marasa laifi a kan kuskure. Ka duba dokar jiharka, a wasu jihohin Ostareliya laifi ne ajiye shi da rai ko ɗaukar sa zuwa wani wuri ba izini. Wajen kashewa kar a buga masa sanda, kar a watsa masa gishiri ko maganin wanke banɗaki, azaba ce. Hanyar da masu binciken Jami'ar Sidni suka gwada a 2015 ita ce a sa shi a mazubi mai murfi da iska ke shiga, a fara sa shi a firij har sanyi ya gusar masa da ji, sannan a mayar da shi firiza ya yi aƙalla kwana biyu. Ka rubuta wuri da kwanan wata da fensir a takarda ka haɗa da shi, don tawadar biro tana narkewa a itanol, kuma firizar kar ta zama wadda ake ajiye abinci a ciki.