Zauren Lafiya: Ina Tsofaffin Gwaje-gwajen Ɗana Suka Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, maigidana soja ne a rundunar Amurka, muna zaune a jihar Texas. Ɗanmu mai shekara 9 yana da sikila. A da, a shafin TRICARE Online na asibitocin sojan Amurka nake duba sakamakon gwajin jininsa. Yanzu an rufe shi, an ce mu koma MHS GENESIS. Na shiga, tsofaffin gwaje-gwajen babu su. Sun ɓata ke nan? Sannan in jikinsa ya tashi, zan iya tura wa likita saƙo ta nan in jira amsa?
Maman Khalifa, Texas

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah ya ba yaro lafiya. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ta hana ni sukuni. A'a, kada ki jira. Akwatin saƙon nan an yi shi ne don abin da ba na gaggawa ba: sabunta takardar magani, neman ranar ganin likita, tambaya kan sakamakon da ba ki gane ba. Amsa kan ɗauki kwanaki, ga Asabar da Lahadi. Mai sikila kuwa, da zarar zazzaɓi ya kai 101 a ma'aunin Amurka, wato wajen 38.3 a irin namu, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi ya yi masa wuya, ko kin ga ya yi fari fat, sashen gaggawa za ki nufa, ko ki kira 911. In kina shakka cikin dare, tsarin lafiyar sojan yana da layin nas-nas da ke amsa waya dare da rana. Ki sa lambar a wayarki tun yau.

Takardun kuma ba su ɓata ba. Ga abin da ya faru. Shekara da shekaru asibitocin sojan Amurka na aiki da tsofaffin manhajoji irin su AHLTA. A 2015 ma'aikatar tsaro ta ba kamfanin Leidos kwangilar dala biliyan 4.3 don a haɗa kowa a tsari ɗaya, wato MHS GENESIS, bisa manhajar kamfanin Cerner, wanda Oracle ya saye a 2022. An fara a sansanin sojan sama na Fairchild da ke jihar Washington a Fabrairun 2017. Farkon bai yi daɗi ba, har masu gwajin ma'aikatar da kansu suka ce a 2018 tsarin bai cancanci aiki ba tukuna. Haka aka yi ta gyara ana bin asibitoci rukuni-rukuni, sai a Maris 2024 aka kammala, mutum sama da miliyan 9 na ƙarƙashinsa. Ranar 1 ga Afrilun 2025 aka rufe tsohon shafin da kika saba da shi.

Sai dai ba duk tsohon bayani aka kwaso zuwa sabon shafin ba, kamar wanda ya tashi daga gida ya bar wasu kaya a sito. Likita na iya leƙa su ta nasa ɓangaren, ke ce ba kya gani. Ki je ofishin ajiyar bayanan marasa lafiya na asibitinku, ki cike fom DD 2870, ki nemi kwafin komai: gwajin da ya tabbatar da nau'in sikilarsa, matakin jininsa lokacin da yake ƙalau, ƙarin jinin da aka taɓa yi masa, da rigakafi. Ni dai shawarata ki buga su a takarda. Ana iya yi wa maigida canjin wurin aiki, ko ku zo hutu Kano jikin yaron ya motsa, kuma likitan Asibitin Malam Aminu Kano ba shi da hanyar shiga kwamfutar sojan Amurka.

Wani abu da zai ba ki mamaki nan gaba: ranar da Khalifa ya cika 13, shafin zai iya rage abin da yake nuna miki, har da sakamakon gwaji. Na san uwa Bahaushiya za ta ce ɗan da na haifa? To, ƙa'idarsu ce ta sirrin matasa. Kina da shekara 4 a hannu, ki fara koya masa sunayen magungunansa, ki kuma tambayi asibiti yadda za ki riƙa karɓar sakamakon in lokacin ya zo.